Ɗan Wa Ke Shiga Kwalejin Noma? Tarihin Kuɗin Makaranta da Sukolashif a Ingila

Duk wanda ya ji an ambaci kwalejin koyon aikin gona, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne makarantar 'ya'yan talakawa, waɗanda suka tashi da fartanya a kafaɗa. A ƙasar Ingila kuwa ba haka abin yake ba. Can kwalejin noma mafi daɗewa, watau ta garin Cirencester cikin lardin Gloucestershire, ta shafe fiye da shekara ɗari ana yi mata kallon makarantar 'ya'yan sarauta da masu hannu da shuni, ga shi kuwa tun asali ba dominsu aka gina ta ba. Abin da nake so mu duba a wannan maƙala shi ne yadda aka yi haka ta faru, da irin dabarun da gwamnatocin Ingila suka yi ta gwadawa tun daga 1890 don ɗan talaka ya sami shiga irin waɗannan makarantu. In mai karatu ya bi ni a hankali zai lura da wani abu da ya yi ta maimaita kansa: sau da yawa sukolashif yakan iso hannun talakan ƙauye ne a daidai lokacin da aka karɓe masa abin da ya fi sukolashif ɗin girma.

Masu ƙasa da masu noma ta

Ba za a fahimci labarin ba sai an san yadda ƙauyen Ingila yake cikin ƙarni na 19. Mutanen da ke cin abinci daga ƙasa hawa uku ne. A sama akwai mai ƙasa, galibi basarake, wanda ba ya noma, haya kawai yake karɓa. A tsakiya akwai manomi ɗan haya, wanda ya kama gona mai eka ɗari ko ɗari biyu ko fiye, shi ke da jari da dabbobi da kayan aiki. A ƙasa kuma sai ɗan ƙodago, wanda ba shi da ko taƙi ɗaya, ƙarfinsa kaɗai yake sayarwa. Cikin shekarar 1873 gwamnati ta sa aka ƙidaya masu mallakar ƙasa, da niyyar a nuna wa masu suka cewa ƙasa ba a hannun 'yan tsiraru take ba. Sai reshe ya juye da mujiya, don lissafin ya nuna cewa mutane wajen 7,000 ne ke riƙe da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Birtaniya da Ayalan baki ɗaya.

Shi kuwa ɗan ƙodago, a kudancin Ingila wajen tsakiyar ƙarnin, ladansa na mako bai cika wuce sule 7 zuwa 10 ba. Sule 20 ke yin fam ɗaya, ke nan duk shekara, in bai yi ciwo ba, abin da zai gani bai fi fam 20 da 'yan kai ba. Waɗanda suka yi ƙoƙarin haɗa kai don a ƙara musu lada sun ɗanɗana kuɗarsu: a 1834 aka kama mutum shida a ƙauyen Tolpuddle, aka yanke musu hukuncin kora zuwa Ostareliya. Ɗan irin wannan mutum tun yana shekara bakwai ko takwas ake tura shi korar tsuntsaye a gonar wani. Maganar kwaleji ba ta ma taso ba.

Yadda Cirencester ta sauya hannu

Cikin 1842 ƙungiyar manoman Fairford da Cirencester ta yi taro, inda wani ɗan kasuwa mai suna Robert Jeffreys Brown ya yi jawabi a kan amfanin a ba matasan manoma ilmi na musamman a kan sana'arsu. A zamanin nan ilmin kimiyya ya fara shiga gona, ana maganar takin zamani da magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa da kyautata irin dabbobi, amma babu wata makaranta da ɗan manomi zai je ya koya. Jawabin ya shiga kunne. Aka buɗe asusu, masu hali suka yi karo-karo, basaraken yankin, Earl Bathurst, ya ba da hayar fili. A 1845 Sarauniya Biktoriya ta ba da takardar izini, aka buɗe da ɗalibai 25. Ita ce kwalejin noma ta farko a duk ƙasashen da ke magana da Ingilishi. Gwamnati ba ta sa ko anini ba, kuma wannan shi ne tushen duk abin da ya biyo baya.

Waɗanda suka kafa ta 'ya'yan hawan tsakiya suke nufi, watau 'ya'yan manoma 'yan haya, saboda haka suka yanka kuɗi mai sauƙi. To, amma makarantar noma ba kamar makarantar koyon lauya ba ce, wadda allo da littafi da malami sun ishe ta. Tana bukatar gona, da shanu da tumaki da dawaki, da ɗakin gwaje-gwaje, da ɗakunan kwana tun da a bayan gari take. Kafin a je ko'ina bashi ya yi mata katutu. Su kuma manoman da aka yi dominsu ba su yi rububin zuwa ba. Da yawansu gani suke noma a gona ake koyonsa, a bayan uba, kuma tura saurayi makaranta asara biyu ce, ga kuɗin da za a biya, ga hannu ɗaya da aka rasa a gona. Sai wasu manyan masu ƙasa, cikinsu har da Edward Holland, suka ɗauki nauyin bashin don kada makarantar ta rushe. Sharaɗin tsira kuwa shi ne a ɗaga kuɗin makaranta, a nemi ɗaliban da iyayensu za su iya biya.

Daga nan fuskar ajin ta sake. Magajin basarake da zai gaji dubban eka ya zo don ya san abin da zai gada. Ƙanensa da ba zai gaji kome ba ya zo don ya zama wakilin wani mai ƙasa, mai tara haya da lura da gandaye, kamar dai a ce sarkin gandu. Hafsan soja da ya yi murabus ya zo, haka nan wanda ke shirin tafiya Kanada ko Ostareliya ko Afirka ta Kudu kama ƙasa. Ba za a ce makarantar ba ta yi aikin kirki ba. Augustus Voelcker, Bajamushe masanin kimiyyar haɗe-haɗe da ya koyar a can daga 1849, yana cikin waɗanda suka fi kowa bincike a kan taki da ƙasa a zamaninsa. Amma a ganina darasin yana nan a fili. Ba wanda ya zauna ya rubuta doka cewa ɗan manomi kada ya shiga. Lissafin kuɗi ne kawai ya yi aikin da doka ba ta yi ba, kuma da zarar makaranta ta yi suna a kan ta 'ya'yan wane da wane ce, sunan kansa ya zama katanga ta biyu.

Kuɗin wuski

Taimakon gwamnati na farko ya zo ta wata hanya mai ban dariya. Daga wajen 1875 noman Ingila ya shiga mawuyacin hali, saboda alkama mai araha da jiragen ruwa ke kwasowa daga Amurka, daga baya kuma ga daskararren nama daga Ostareliya da Ajantina. Jama'a suka fara cewa Jamus da Denmark sun yi musu nisa ne saboda ilmin sana'a. A 1888 aka kafa majalisun larduna, a 1889 aka ba su ikon karɓar ɗan haraji don koyar da sana'o'i. Sa'an nan a 1890 ministan kuɗi, George Goschen, ya ƙara haraji a kan giya da barasa, da nufin a biya diyya ga masu gidajen giya da za a soke wa lasin. Masu yaƙi da shan giya suka ce atafau ba za a ba mai sayar da barasa kuɗin jama'a ba. Ga kuɗi an riga an tsara karɓarsu, ga babu inda za a kai su. Wani ɗan majalisa, Arthur Acland, ya matsa a ba larduna su yi ilmin sana'a da su, aka kuwa yarda. Har yau sunan da tarihi ya san su da shi ke nan, kuɗin wuski.

Da waɗannan kuɗi ne larduna suka fara ɗaukar malamai masu yawo ƙauye-ƙauye suna koya wa mata yin man shanu da cuku, maza kuma gyaran shinge da kiwon kaji. Makarantun da suka tsiro a lokacin suna da dama: wadda ta zama Writtle a lardin Essex ta faro a 1893, ta Wye a Kent a 1894, ta lardin Lancashire wadda ake kira Myerscough yanzu ita ma a 1894, ta Newton Rigg can arewa a 1896. Wasu kuma wasiyya ce ta haife su. Thomas Harper Adams, wani attajirin manomi a Shropshire, ya rasu a 1892 ya bar dukiyarsa don a koyar da noma, aka buɗe kwalejin da ke ɗauke da sunansa a 1901 da ɗalibai 6. Mata kuwa, da yake an rufe musu yawancin ƙofofi, sai aka yi musu nasu, kamar ta Studley wadda matar basaraken Warwick ta kafa. Cirencester ba ta karɓi mace ba sai 1979.

Larduna sun riƙa ba da 'yan sukolashif, amma wanda ya fi cin moriyarsu ɗan manomi ne, ba ɗan mai ƙodago ba. Dalili kuwa mai sauƙi ne. Karatun firamare bai zama tilas ba sai 1880, bai zama kyauta ba sai 1891, kuma yaron ƙauye yana barin aji da shekara 12 ko 13. Ko da an yafe masa kuɗin kwaleji, wa zai mayar wa uwarsa 'yan sulallan da yake kawowa gida duk Asabar?

Shekarar 1921

Nan ne nake so mu ɗan dakata, don a nan abin da na faɗa da farko ya fi fitowa sarari. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus sun kusa jefa Ingila cikin yunwa. Saboda haka a 1917 aka yi dokar da ta lamunce wa manoma farashin alkama da hatsin da ake kira ots, ta kuma kafa hukumar da za ta yanka mafi ƙarancin ladan ɗan ƙodago. Wannan shi ne karo na farko da doka ta tsaya wa leburan gona a kan ladansa. Zuwa 1920 ladan ya kai sule 46 a mako. A shekarar nan gwamnatin Lloyd George ta sake wata doka, ta yi alkawari ba za a janye lamunin ba sai an ba da sanarwar shekara huɗu. Ba a yi shekara guda ba farashin hatsi ya faɗi warwas a kasuwar duniya, gwamnati ta ga abin da za ta biya ya fi ƙarfinta, sai ta soke dokar a 1921, ta haɗa har da hukumar lada. Manoman Ingila sun daɗe suna kiran wannan da babbar cin amana. Ladan lebura ya gangaro, har a lardin Norfolk ya koma sule 25, abin da ya jawo babban yajin aiki a 1923.

To, a cikin ita wannan dokar sokewa aka ware fam miliyan ɗaya don raya aikin gona, fam 850,000 na Ingila da Wales, saura na Sikotilan. Daga cikin kuɗin nan aka kafa sukolashif na musamman don 'ya'yan leburorin gona, maza da mata, aka fara bayarwa a 1922. Wasu na gajeren kwas ne a makarantun gona na larduna, wasu na difloma, kaɗan kuma na digiri a jami'a, kuma ana biyan kuɗin makaranta da na ci da kwana. Kada a raina shirin. Yaran da suka samu sun zama malaman gona da manajojin gandaye da masu bincike, abin da iyayensu ba su taɓa mafarki ba. Amma a auna da kyau: uba ya rasa wajen sule 20 kowane mako, shi da dubun dubatan 'yan'uwansa, aka ce ga 'yan guraben karatu nan 'ya'yanku su yi takara a kai. An karɓe goro kwando guda, an mayar da ɗan ɓari. Gwamnatin Leba ta farko ta maido da tsarin yanka lada a 1924, ya ci gaba har 2013, sa'ad da aka sake soke hukumar a Ingila.

Zamanin kyauta

Bayan Yaƙi na Biyu abubuwa sun yi sauƙi, ba sai mun daɗe a kansu ba. Yunwar yaƙi ta sake koya wa Ingila darajar gona. Rahoton kwamitin Luxmoore na 1943 ya nemi a yawaita makarantun gona, dokar noma ta 1947 ta maido da lamunin farashi, larduna da yawa suka sayi tsofaffin gidajen sarauta suka mai da su makarantu. Hartpury, wadda take lardi ɗaya da Cirencester, ta wannan zamani ce, ta fara da ɗalibai wajen 50. Dokar ilmi ta 1962 kuma ta tilasta wa hukumomin larduna su biya wa duk mai karatun digiri kuɗin makaranta, su ba shi alawus gwargwadon samun iyayensa. Sai dai akwai wani lauje cikin naɗi. Yawancin kwasa-kwasan makarantun gona na satifiket ne da difloma, su kuwa ba tilas a kansu, sai abin da lardi ya ga dama. Cirencester kuwa tana nan a matsayinta na makaranta mai zaman kanta, tana rayuwa da abin da iyaye suka biya.

Baƙi ne aka fara gwada wa wuƙa. A 1967 aka bambanta kuɗin ɗaliban ƙasashen waje da na 'yan ƙasa, a 1980 kuma gwamnatin Margaret Thatcher ta ce baƙo ya biya cikakken abin da karatunsa ke ci. Ɗaliban Nijeriya suna cikin waɗanda suka fi yawa a Ingila a lokacin, kuma hukumomin sukolashif na jihohinmu sun ji a jikinsu. 'Yan ƙasa sun ɗauka abin ba zai iso kansu ba.

Dawowar kuɗin makaranta

Ya iso a 1998. Bayan rahoton Dearing, gwamnatin Tony Blair ta sa fam 1,000 a shekara, ana duba samun iyaye, mai ƙaramin ƙarfi ba ya biya. Amma a lokaci guda aka soke alawus na ci da kwana, aka mai da shi rance. Shekara uku bayan haka, a 2001, Cirencester ta shiga sahun makarantun da gwamnati ke ba kuɗi. Watau bayan shekara 156 tana waje, ta shigo gidan biki an fara naɗe tabarmi. Duk da haka shigar ta yi amfani, don daga ranar ɗalibinta ya sami damar rancen gwamnati kamar kowa, ita kuma ta shiga ƙarƙashin idon hukuma a kan su wa take ɗauka.

Dokar 2004, wadda ta sha da ƙyar a Majalisa da ratar ƙuri'a 5 a karatu na biyu, ta ɗaga kuɗin zuwa fam 3,000 daga 2006. Don a lallashi 'yan majalisar da suka yi tawaye, aka kafa wani ofishi mai lura da adalcin shiga jami'a, wanda ake kira OFFA a taƙaice. Duk makarantar da ke son karɓar cikakken kuɗin sai ta rubuta yarjejeniya da ofishin, ta faɗi abin da za ta kashe don jawo 'ya'yan marasa ƙarfi. Lissafin farko ya yi kyau a takarda. An maido da alawus na gwamnati har fam 2,700 ga mafi talauci, aka ce makaranta ta cika masa aƙalla fam 300 na tallafi, ka ga an tashi fam 3,000 cif, daidai da kuɗin makarantar.

A watan Disamba na 2010, bayan rahoton Browne, ɗalibai na zanga-zanga a titunan Landan, Majalisa ta amince da fam 9,000 da ƙuri'a 323 a kan 302, aka fara aiki da shi a 2012. Jam'iyyar Nick Clegg, wadda 'yan takararta suka sa hannu a kan alkawarin ƙin ƙarin, tana cikin gwamnatin da ta kawo shi. Yanzu sai aka ce duk makarantar da za ta wuce fam 6,000 ta ware wani kaso na rarar don buɗe ƙofa. Wadda ta riga ta cika da 'ya'yan talakawa ana sa ran ta kashe wajen kashi 15 cikin ɗari na rarar, wadda kuwa take da ƙarancinsu wajen kashi 30. A nan ya kamata ɗalibi mai lura ya tambaya: daga ina kuɗin tallafin ke fitowa? Daga kuɗin makarantar da sauran ɗalibai suka ranto. Jami'o'i irin su Okasfod da Kambirij suna da dukiyar wakafi ta ɗaruruwan shekaru da za su ɗiba. Ƙaramar kwalejin noma mai ɗalibai dubu ɗaya ko biyu, mai ciyar da garken shanu rani da damina, da aljihun ɗalibanta take yi wa ɗalibanta alheri. Abin nan ne dai na 1840 da wani abu ya dawo da sabuwar riga.

Sauran matakan sun zo da sauri. An soke alawus ɗin gwamnati kuma a 2016, aka mai da shi rance, har ya zama ɗan talaka ya fi ɗan mai kuɗi fita da bashi. Kuɗin ya koma fam 9,250 a 2017, ya tsaya nan shekara takwas tsadar kaya na cinye shi, sa'an nan ya zama 9,535 a 2025. A 2018 aka narkar da OFFA cikin sabuwar hukumar kula da ɗalibai. Wanda ya fara karatu daga 2023 zai riƙa biyan kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura fam 25,000 a albashinsa, ba a yafe sauran sai bayan shekara 40. Duk wannan fa labarin Ingila ne, ɗan Sikotilan da ke karatu a gida ba ya biyan kuɗin makaranta.

Shin tallafin ya buɗe ƙofar?

A 2010 shi kansa OFFA ya fitar da wani bincike da ya ba mutane mamaki. An duba inda matasa marasa ƙarfi suka zaɓa su tafi bayan an fara ba da tallafi, sai aka ga girman tallafin bai sauya zaɓinsu ba. Jami'o'in da suka fi ba da kuɗi ba su sami ƙarin 'ya'yan talakawa ba. Dalilin ba boyayye ba ne: yaro yakan san abin da zai samu ne bayan ya riga ya nema, wanda kuma bai taɓa tunanin wuri ba, fam ɗari biyar ba za ta sa ya yi tunaninsa ba. Inda tallafi ya fi amfani shi ne riƙe wanda ya riga ya shiga, kada ya gudu a tsakiyar shekara saboda kuɗin haya. Tun daga nan hukuma ta riƙa matsa wa makarantu su rage rabon kuɗi, su ƙara zuwa makarantun sakandare neman yara tun suna ƙanana.

Ga kwalejin noma kuwa matsalar ta fi haka zurfi. Cirencester ta zama jami'a a 2013, shekara guda bayan Harper Adams, amma alƙaluman hukuma na shekarun 2010 sun yi ta sa ta cikin makarantun da suka fi ƙarancin yaran makarantun gwamnati, wajen rabin ɗalibanta daga makarantun kuɗi suke, alhali yaran da ke irin waɗannan makarantu ba su wuce kashi 7 cikin ɗari na yaran ƙasar ba. Akwai abubuwan da yarjejeniya ba ta iya gyarawa. Kwalejin tana daji, motar haya ba ta zuwa sai jefi-jefi, dole ɗalibi ya kwana can ko ya mallaki mota. Akwai takalman aiki da rigunan kariya da kayan sana'a. Da yawan kwasa-kwasan sun daɗe suna neman mai nema ya taɓa aiki a gona kafin a ɗauke shi. Ga ɗan manomi wannan ba sharaɗi ba ne, rayuwarsa ce. Ga yaron da ya tashi a bene na goma a Birmingham, wanda iyayensa suka zo daga Pakistan ko Jamaika ko Nijeriya, wa ya sani da zai ba shi aikin gona? Yara 'yan 16 zuwa 18, waɗanda su ne mafi yawa a ƙananan kwalejojin, ba sa biyan kuɗin makaranta, amma alawus ɗin da ake ba marasa ƙarfinsu, har fam 30 a mako, an soke shi a Ingila a 2011, aka maye gurbinsa da asusu ƙarami wanda kwaleji ke rabawa yadda ta gani.

Gaskiya ne an sami faɗaɗa, amma ta wata fuska da ba a zata ba. Da tarakta ta kori lebura, har masu aikin gona suka koma wajen kashi ɗaya cikin ɗari na ma'aikatan ƙasar, sai kwalejojin suka nemi abin yi. Suka buɗe kwasa-kwasan kula da dawaki, da jinyar karnuka da kyanwoyi, da aikin lambu da gandun daji, har da wasanni. Hartpury, wadda ta zama jami'a a 2018, an fi saninta yau da dawaki da ƙwallon zari-ruga. Ta nan mata da yaran birni suka shigo, har a wasu wuraren mata sun fi maza yawa. Waɗanda suka kasa sauyawa ko aka haɗe su da manya sun tafi. Seale-Hayne ta rufe a 2005, Wye a 2009 bayan shekara tara da haɗe ta da Imperial College, Newton Rigg a 2021, aka sayar da gonakinta. Writtle ta narke cikin jami'ar Anglia Ruskin a 2024. Kowace ta rufe, ɗan ƙauyen da ke kusa da ita tafiyarsa ta ƙara nisa.

Sa'an nan ga babbar tambayar da ba ofishin da aka ɗora wa amsa ta. Yarinyar da ta sami tallafi, ta gama digirin noma da bashin da ya haura fam 40,000, ina za ta yi noman? A 'yan shekarun nan eka ɗaya ta ƙasar noma a Ingila takan kai fam 9,000 ko fiye, watau kusan kuɗin makarantar shekara guda, gonar da za ta riƙe iyali kuwa sai eka ɗaruruwa. Abokin karatunta da ya zo daga gidan gona zai koma ya gaji uba. Ita kuwa za ta nemi aikin manaja, ko sayar da taki da magani, ko ba da shawara ga masu ƙasa. Ayyuka ne masu kyau, ɗaliban Harper Adams ma sun yi suna wajen samun aiki da wuri. Amma hawa ukun nan na 1873 ba su rushe ba, an dai ba hawan ƙasa takardar digiri. Ga shi kuwa fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu riƙe da gonaki a Ingila sun kai shekara 65, kullum ana kukan babu sabon jini.

Da can akwai wani tsani. Tun daga dokokin 1892 da 1908, da kuma bayan Yaƙi na Ɗaya sa'ad da ake neman wa tsofaffin sojoji wurin zama, majalisun larduna sun sayi ƙasa sun yanka ta ƙananan gonaki, suna ba wanda ba shi da gado haya mai sauƙi don ya fara. Wanda ya fito kwalejin lardi yakan nemi gonar lardi, ya yi shekara goma ko sha biyar yana tara shanu da jari, sa'an nan ya kama babba. A ƙarshen shekarun 1970 irin waɗannan gonaki sun haura eka 400,000 a Ingila. Cikin shekara arba'in da suka biyo, daidai lokacin da ake ta rubuta yarjejeniyoyin buɗe ƙofar kwaleji, larduna masu neman kuɗin cike giɓin kasafi suka sayar da wajen rabinsu. A ƙarshen 2015 majalisar Herefordshire, maƙwabciyar lardin da Cirencester da Hartpury suke, ta yanke shawarar sa nata a kasuwa, aka ba manoman da ke ciki takardar tashi.